Taubashi, keken nan ba na talauci ba ne

Saƙonka ya iso, kuma da na karanta wa Inna sai da ta yi dariya har da hawaye, don tambayar da ka yi ita ce take yi mini shekara biyu ke nan. Wai ƙato da gemu, ga mota a ƙofar gida, me ya kai shi hawan keke da hular kwano? Kuma wai duk Hausawan Jidda haka suke, ko ni kaɗai na zautu?

Ba duka ba ne. Mu da Larabawa ke kira Takarna, a takarda kuma a rubuta mana Hausawi, ƙwallo ce wasanmu. Ai ka san Usama Hausawi, wanda ya ja tawagar Saudiyya a gasar cin kofin duniya ta 2018. Keke kuwa, da a nan muke ce wa sikal, a Shara Mansur da Misfala inda muka tashi a Makka, abin yara ne da masu kai kayan shago gida-gida. Yadda kuke kallon mai Rali a Kano, haka dattawanmu suke kallonsa. Babba ya hau, sai a fara tambayar ko karayar arziki ce.

Ni abin ya kama ni a 2020, shekarar da aka fara gasar tseren keke ta Saudi Tour a Riyad, kuma kamfanin da ke shirya Tour de France, babban tseren keke na Faransa, shi ne ya shirya ta. Daga 2022 aka mayar da ita Al'ula, arewa da Madina, cikin duwatsu da gonakin dabino, yanzu ma sunan garin take amsawa. Kwana biyar ake yi ana tsere, cikin sanyin farkon shekara. A talabijin na ga mutum fiye da ɗari sun dunƙule wuri ɗaya suna gudu, tayar wannan kamar ta taɓa ta wancan, na kasa gane abin da ya hana su watsewa kowa ya nemi gabansa.

Sai da na hau na gane. Iska ce abokiyar gabar mai keke. Wanda ke gaba shi yake sara ta da ƙirjinsa, na bayansa ya laɓe, ya samu sauƙin kusan kashi ɗaya cikin uku na wahalar. Saboda haka karɓa-karɓa ake yi: ka ja mutane na ɗan lokaci, ka kauce, ka koma baya ka huta. Turawa suna da nasu sunan, amma mu a tsakaninmu ayari muke cewa, wanda ya tsara hanya kuma madugu. Tun ina yaro nake jin kalmomin nan a bakin kakanmu, wanda ya taho da ƙafa ta Cadi da Sudan, yana tsayawa noma a hanya, har ya haye teku daga Sawakin. Wanda ya laɓe a baya tun daga farko bai taɓa karɓar gaba ba, sannan ya fizge ya wuce kowa a ƙarshe, ba mai yi masa faɗa. Wurin shan shayi ne zai ji a jikinsa.

Lokacin fita rana ce ke yanke mana shi. Da zafi, muna sallame asuba muke kama hanyar bakin teku zuwa Abhur, kafin ƙarfe takwas kowa ya koma gida. Ranar Juma'a da Asabar, da yake su ne hutu a nan, mukan ƙara nisa. Da azumi kuwa sai bayan tarawihi, wani lokaci har gab da sahur. Matsattsen gajeren wandon da ka yi mini tsiya a kansa, ka sake duba hoton: yawancinmu muna ɗora wani a kai ya rufe gwiwa. Ba na son in haɗu da surukina a danja ina haka. A danjar ma na sha ƙasa makon farko, don takalmin maƙale yake da feda, na tsaya na manta ban zare ƙafa ba, na tafi gefe kamar buhun gero.

Wani abin da zai ba ka mamaki, wasan nan 'yan jarida ne suka haife shi. Wata jaridar Faransa ce ta ƙirƙiro Tour de France a 1903 don ta samu masu saye. Ta Italiya ma jarida ce ta fara ta a 1909, kuma rigar jagoran tseren ruwan hoda ce saboda launin takardar jaridar. A da mutane ba sa ganin tseren, sai dai su karanta, marubuta kuma suka yi ta wasa gwanaye kamar maroƙa a fada. Har wanda ya zo na kashin baya yana da laƙabi, jar fitila, kuma ana girmama shi don ya kai ƙarshe bai sauka ba. Wannan ya fi komai burge ni, wataƙila don na san inda nake ƙarewa a ayarinmu.

Su waye muke hawa tare? Larabawa, 'yan Filifin, 'yan Sudan, da 'yan Eritiriya, waɗanda ƙasarsu ke tsallaken tekun nan, kuma keke a jininsu yake tun zamanin mulkin Italiya. A 2024, da Biniam Girmay ɗan Eritiriya ya ci tseren kwana uku a Tour de France ya tafi da koriyar riga, wadda ake ba wanda ya fi tara maki, abin da baƙar fatar Afirka bai taɓa yi ba, wani ɗan ƙasarsu ya biya wa ayari duka kuɗin karin kumallo. Bahaushe a cikinmu bai wuce a ƙirga da yatsu ba, amma yaran yayyenmu sun fara tambayar kuɗin keke maimakon takalmin ƙwallo.

Inna dai har yanzu ba ta sauka daga bakanta ba. Ta ce ubanta ya taka ƙasa don ba shi da abin hawa, ni ina da mota ina neman wahala da kuɗina. Amma ita ce ke cusa mini dabino a aljihun riga kafin in fita. In Allah ya kawo ka Umara, ka zo da dogon wando, akwai keke na biyu a gida, kuma ni zan sara maka iska.