Amsa: Wai rikicin dillalan ƙwaya a bodar Meziko ya kai yadda ake faɗa?

Malam ka tambaya ko zuzutawa ake, wallahi ba zuzutawa bane. Ɗauki garin Juarez kawai, a 2010 an kashe sama da mutum 3,000 lokacin da ƙungiyar Sinaloa ke rigima da ta Juarez kan hanyar shigar da hodar iblis Amurka, alhali garin El Paso na Amurka dake tsallaken kogi, gada ce fa kawai tsakaninsu, lafiya lau suke barci. Abin da yafi bani takaici masu shago na Juarez ne, duk sati sai ka biya kuɗin kariya in ka ƙi a ƙona shagon, da yawa suka kulle suka tsallaka. Sojojin da Calderon, shugaban Meziko na lokacin, ya turo ma basu kashe wutar ba.