Amsa kan ƙuman ruwa a tafkin tace ruwan datti

Assalamu alaikum jama'a. Malam, na ji tambayarka. Ka ce lissafin da ka haɗa a kwamfuta ya nuna yawan ƙuman ruwa, wato dafniya, ƙananan halittun ruwa masu cin gansakuka, zai hau ya tsaya wuri guda, amma a tafkin sai su cika maƙil, bayan ɗan lokaci kuma a neme su a rasa. To ni dai ina ganin jinkiri ne ba ka saka ba.

Ka ga, macen ba ta jiran namiji, ita kaɗai take haihuwa. A ruwa mai ɗumin digiri 20 na Celsius, ƙaramar takan ɗauki mako guda zuwa kwana 10 kafin ta fara, daga nan kuma kusan duk kwana 3 sai ta sake. Wato abincin da uwa ta ci yau, sai can gaba zai zama bakunan da za su nemi nasu. Kafin su girma an cinye gansakukar, ruwa ya yi garau, masu kula da tafki suna ta murna, sai yunwa ta karkashe su. Gansakuka ta dawo, a sake sabon zagaye. Tun 1948 masanin kimiyya Hutchinson ya saka irin wannan jinkiri a lissafi, kuma a 1971 wani masanin, Rosenzweig, ya nuna yawan abinci kan ƙara tsananta hawa da faɗuwar. Tafkin ruwan datti kuwa ai abinci ne jibge.

Sai amoniya, wani sinadari da ke cikin ruwan datti, ita ce ake yawan mantawa. Da rana gansakuka tana shanye iskar kabon, pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, ya haura 9, a nan ne kusan rabin amoniyar ke komawa mai guba. Ka gane? Abincin da ya yi yawa shi ke jawo musu ajali. Don Allah ka riƙa auna pH da la'asar, awon safe zai yaudare ka.

Kada kuma ka bar lissafin ya kai su sifili ya tsaya. In wuya ta yi, suna yin ƙwai masu kwasfa su kwanta cikin laka, daga baya su ƙyanƙyashe.

A lissafin, ka raba su gida uku, ƙwai da ƙanana da manya, ka ɗaura saurin girmansu a kan ɗumin ruwa. In ka gwada, turo mana abin da ya fito mu duba tare.