Me ya sa 'yan Ireland ke rera waƙar yunwa a filin ƙwallo?

Ɗan'uwa, ka tambayi dalilin da magoya bayan Ireland ke rera waƙar baƙin ciki a filin wasa. Waƙar da ka ji sunanta The Fields of Athenry, kuma Pete St. John ya rubuta ta a 1979, amma labarinta na zamanin babbar yunwa ne, 1845 zuwa 1852. Cuta ta afka wa dankalin Turawa, abincin talaka, ya ruɓe a cikin ƙasa. Kusan mutum miliyan ɗaya suka mutu, wasu kamar haka suka yi ƙaura, alhali jiragen ruwa na fita da hatsi daga ƙasar. Wannan ne ya fi ci musu rai, kuma ban ga laifinsu ba.

A waƙar, magidanci ya saci masara don 'ya'yansa, aka kora shi Botany Bay a Ostireliya. Har sunan Charles Trevelyan, jami'in Birtaniya (wadda ke mulkin Ireland a lokacin) mai kula da agajin yunwar, an kama ɓaro-ɓaro.

Nemi wasan Ireland da Sifaniya na 2012 a birnin Gdansk na ƙasar Poland. An ci su huɗu da nema, amma dubban mutane na tsaye suna rera ta har aka tashi.