Amsa kan bambancin cutar waswasi da kafaffen imani

'Yar'uwa, kin tambaya ko ƙaninki da ke maimaita alwala har liman ya sallame ya kamu da irin tabin hankalin da ke sa mutum ya gaskata abin da babu shi. Na daɗe ina aikin jinya a sashen masu larurar ƙwaƙwalwa a nan Jos, kuma abin da muke fara dubawa shi ne yadda mutum yake riƙe da tunanin, yana yaƙi da shi ne ko kuwa yana kare shi.

Mai cutar waswasi, wadda likitoci ke kira OCD, ya san tunanin daga zuciyarsa yake fitowa, ya san ya wuce kima, yana jin kunyarsa, amma ya kasa korar sa. Na taɓa kula da wani saurayi da bayan hannunsa ya tsattsage saboda wanki da ruwan sanyi a tsakiyar hunturun Jos, yana kuka yana ce mini ya san hannun ba najasa, sai dai in bai sake wankewa ba ƙirjinsa kamar zai fashe. Wani dattijo kuwa ya daina cin abincin gidansa domin ya haƙiƙance matarsa tana zuba masa guba, da ta ci a gabansa sai ya ce ai ta riga ta sha makari. Bai taɓa neman a raba shi da tunanin ba, mu yake so mu gane gaskiya. Wannan shi ne kafaffen imani, wanda hujja ba ta girgiza shi.

Sai dai iyakar ba kullum take a fili ba. Littafin DSM-5 na 2013, wanda likitocin ƙwaƙwalwa ke amfani da shi wajen tantance cututtuka, ya amince cewa waswasi kan tsananta har mai shi ya gaskata shi baki ɗaya, don haka muke bin tarihin ciwon tun farkonsa. Haka kuma yarda da sammu kaɗai ba alamar ciwo ba ce, tunda jama'armu da dama sun yarda da shi.

Na damu da wannan bambanci ne saboda maganin ba ɗaya ba ne. Waswasi ana ba shi irin su fluoxetine tare da horar da mutum ya jure ƙin maimaitawa, kuma yakan ɗauki mako 8 zuwa 12 kafin a ga sauƙi sosai, kafaffen imani kuwa irin su risperidone ake bayarwa. Ki tambayi ƙanin naki cikin taushi ko shi ma abin yana damunsa, ki lura ko yana cinye masa fiye da awa ɗaya a rana, sannan ki raka shi wurin likitan ƙwaƙwalwa da wannan bayanin. Allah Ya ba shi lafiya.