Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Auna Lignin a Ɓawon Kok Yake da Wuya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce mai karatun kimiyyar sinadarai. Na karanta cewa kok, wato ɓawon bishiyar nan da ake yin abin toshe bakin kwalba da shi, yana ɗauke da sinadarin lignin, mai sa itace tauri, kamar yadda katako yake ɗauke da shi, amma an ce hanyar da ake auna shi a katako ba ta wadatarwa a nan. Ina bambancin yake, kuma yaya masana suke yi?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Abin da kika karanta gaskiya ne, kuma dalilin yana cikin yadda aka gina ɓawon kansa.

Ana samun kok ne daga bishiyar da masana suke kira Quercus suber, wadda take fitowa a Fotugal da Sifen da ƙasashen Arewacin Afirka irin su Maroko da Aljeriya da Tunisiya. Sai ta kai kimanin shekara 25 ake fara ɓare ta, daga nan kuma duk bayan shekara 9. A wannan ɓawon ne masanin Ingila Robert Hooke ya fara ganin ƙwayoyin halitta ta madubin ƙara girma, ya bayyana su a 1665. Ƙwayoyin matattu ne, cike da iska, don haka duk sinadaran da muke magana a kai suna cikin siraran bangayensu ne.

A katako, selulos, wato sinadarin da zaren tsirrai yake ginuwa da shi, ne ya fi yawa. A kok kuwa, subarin ne kan gaba, wani sinadari mai maiƙo da yake hana ruwa ratsawa. Binciken Farfesa Helena Pereira ta birnin Lisbon ya nuna cewa subarin yana kai kimanin kashi 40 cikin 100, lignin kimanin kashi 22, selulos da danginsa kimanin kashi 18, sannan abubuwan da suke narkewa a fitar da su kimanin kashi 15. Subarin yana ba wa kok taushi da komawa yadda yake bayan an matsa shi, lignin kuma shi ne yake riƙe bangon ya hana shi rushewa.

Ga inda matsalar take. Tsohuwar hanyar auna lignin, wadda take ɗauke da sunan masanin Suwidin Peter Klason, ita ce a jiƙa garin katako cikin asid ɗin salfa mai ƙarfin kashi 72 cikin 100, a sirka da ruwa, a dafa, sannan a tace. Selulos da danginsa suna narkewa, sai a bar wani dusa mai launin ƙasa-ƙasa a kan matata, a busar da shi a auna. To, subarin ma ba ya narkewa a wannan asid ɗin, saboda haka wanda ya zuba garin kok kai tsaye zai auna subarin da lignin a haɗe, ya sami adadin da ya zarce gaskiya nesa ba kusa ba.

Shi ya sa ake bin aikin daki-daki. Ana fara wanke garin da ruwan sinadarai masu narkarwa, wato daikuloromitan, sai itanol, sai ruwa, domin fitar da kakin da ke ciki da sinadaran tanin. Bayan haka a dafa shi cikin mitanol mai ɗauke da sodiyam mitoksaid, wanda yake tsinka subarin ya rabu da sauran. Abin da ya rage ne kaɗai ake kai wa asid, kuma a ganina wanda ya yi gaggawa a matakin cire subarin bai kamata ya amince da sakamakonsa ba. Akwai kuma ɗan lignin da yake narkewa cikin asid ɗin, wanda ake aunawa da hasken ultrabayolet a haɗa da na farko.

Sanin yawansa daban, sanin irinsa daban. Lignin yana ginuwa ne daga tubala uku da ake yi wa laƙabi da H da G da S. Don tantance su, ana ƙona ɗan samfur ba tare da iska ba a rarrabe gutsattsarin da suka fito, ko a yi amfani da na'urar NMR, wadda take gano tsarin sinadari ta hanyar maganaɗisu. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne, katakon wannan bishiyar yana da S da yawa, amma ɓawonta kusan duk G ne, fiye da kashi 80 cikin 100, alhali jiki ɗaya ne ya samar da su. Tubalin G yana da gurbin haɗuwa fiye da S, don haka lignin ɗin kok ya fi cuɗewa, ya fi wuyar warwarewa.

Ki kuma lura da asid ɗin ferulik idan kina karanta rahotanni, domin shi ne yake ɗaure subarin da lignin. Wannan ɗaurin ne ya sa wasu masana suke ɗaukar sashen a matsayin ɓangare na subarin, wasu kuma suke kiransa lignin. Don haka kafin ki kwatanta alƙaluman bincike biyu, ki duba ko an cire subarin, da wace hanya aka cire shi, da kuma ko an lissafa adadin ne a kan ɓawon gaba ɗaya ko a kan abin da ya rage bayan wanki.