Kwangila ta ƙare, ina mai gareji zai sa jarinsa? Darasi daga kamfanin Maybach

Wani Alhaji mai garejin gyaran manyan janareta masu shan dizal ya aiko da tambaya. Kamfani guda da yake yi wa aiki shekara da shekaru ya koma amfani da sola, kwangila ta ƙare, ga yara makanikai suna jiran albashi. Yana da ɗan jari a hannu, kuma hanya biyu ce a gabansa: ko ya buɗe wurin sayar da motocin alfarma, ko ya karɓi tayin wani ɗan kwangila da ke so a haɗa masa injuna masu yawa, a biya bayan an kai kaya.

Alhaji, Allah ya kawo mafita. Duka hanyoyin nan biyu an taɓa bin su a kamfani ɗaya, wato Maybach, a ƙasar Jamus, shekara ɗari da suka wuce, saboda haka bari in amsa maka da tarihinsa.

A watan Agustan 1908 jirgin Zeppelin mai lamba LZ 4, irin doguwar balan-balan ɗin nan mai ɗaukar mutane, ya sauka a Echterdingen saboda matsalar inji, iska ta fizge shi, ya kama da wuta. Wilhelm Maybach, wanda ya bar kamfanin Daimler a 1907 bayan ya ƙera masa injunan Mercedes na farko, ya ga cewa abin da Zeppelin ya rasa shi ne inji abin dogaro. A 1909 aka kafa kamfanin injunan jiragen sama, ɗansa Karl Maybach ya riƙe ɓangaren ƙira, kuma a 1912 suka koma Friedrichshafen, kusa da masana'antar Zeppelin. Ciniki ya buɗe sosai lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Amma dukkansa daga ƙofa ɗaya yake shigowa, wato jiragen sama, kuma da yarjejeniyar Versailles ta 1919, wadda aka ƙulla bayan yaƙin, ta hana Jamus ƙera jiragen saman yaƙi da injunansu, sai ƙofar ta rufe rana ɗaya, kamar yadda taka ta rufe.

Abin da Karl Maybach ya fara yi shi ne abin da ɗan kwangilar nan yake kiranka gare shi. Ya ƙera injin mota, ya ƙulla babban ciniki da kamfanin Holand mai yin motocin Spyker, sai dai mai sayen ya faɗa matsalar kuɗi, ya kasa ɗauke kayan da ya yi oda, injuna suka taru a hannun Maybach. Ka lura da wannan da kyau, domin mai gareji da ya fito daga hannun abokin ciniki ɗaya ya faɗa hannun wani guda, kuma bisa bashi, bai sauya komai ba sai sunan wanda zai iya durƙusar da shi. Idan har za ka karɓi aikin, kada ka taɓa spana sai an ba ka kafin alƙalami da zai ishi kayan gyaran kashi na farko, a rubuta yarjejeniya gaban shaidu, a raba aikin kashi-kashi, kuma kada kashi na biyu ya bar gareji sai an gama biyan na farko. Wanda ya ƙi wannan sharaɗi, da jarinka yake son yin kasuwancinsa.

Sai maganar motocin alfarma. Rashin mai saye ne ya tura Maybach ƙera motar kansa, wadda ya nuna a Balin a 1921, aka sa mata suna W3. Ko a nan ma bai bar abin da ya sani ba: inji da shasi yake yi, bodi kuwa sai mai mota ya je wurin ƙwararru irin su Spohn na Ravensburg. Motocin sun yi suna, musamman ƙirar Zeppelin mai silinda 12, amma daga 1921 zuwa 1941 kimanin 1,800 kacal aka yi, wato ƙasa da ɗari a shekara, kuma adadi irin wannan ba ya ciyar da babbar masana'anta. Aikin da ya daɗe shi ne wanda ba a ɗaukar hoto da shi, wato injin dizal na jirgin ƙasa, wanda suka fito da shi a 1924. A 1933 jirgin ƙasa mai gudu tsakanin Balin da Hambug, wanda ke kai kilomita 160 a awa, da injunan Maybach biyu yake tafiya. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu kamfanin ya koma yi wa sojojin Hitler injunan tankokin yaƙi, har da ma'aikatan tilas, aka kuma yi wa masana'antar ruwan bama-bamai a 1944. Bayan yaƙi bai sake yin mota ba, amma dizal ya ci gaba. Daimler-Benz ya saye shi a 1960, daga baya ya zama MTU, mai yin manyan injuna har yau.

A ganina, Alhaji, wurin sayar da motoci zai kulle jarinka a cikin mota biyu ko uku da ke shan rana suna jiran mai saye, farashinsu na bin dala, alhali yaranka ba su san wannan kasuwa ba. Abin da ka mallaka na gaske shi ne kunnen da ke gane ciwon inji daga ƙararsa, da hannun da ke gyara famfon mai da nozul. Injin casar shinkafa, injin niƙa, tarakta, manyan motocin ɗaukar kaya da janaretan asibitoci da otal-otal duk wannan hannun suke nema, har wuraren da suka sa sola ma galibi suna ajiye janareta don ko-ta-kwana.

Kafin ka kashe ko sisi, ware albashin yara da kuɗin haya na wata shida a asusu daban. Sannan ka zagaya da kanka ka nemi yarjejeniyar duba inji wata-wata da wurare da dama, ka kuma riƙa duba littafinka kowane ƙarshen wata don kada mutum ɗaya ya wuce kashi ɗaya cikin uku na kuɗin da ke shigowa.