Amsa ga 'yar'uwar da ke neman haɗin wanke shawa da kwamin wanka

'Yar'uwa, tun jiya na ga tambayarki, na bari sai na natsu in ba ki amsa a tsanake. Kin ce warin bilic yana sa ki tari da ciwon kai, shi ya sa kika haɗa ruwan khal da bekin soda a roba ɗaya, ya yi ta kumfa, kika wanke da shi, amma farin tabon da ke jikin tayil da kwamin wankan ko gezau. Ni ma na daɗe ina wannan haɗin, na san takaicin a dirza har hannu ya yi ciwo a tashi ba biyan buƙata.

Laifin na haɗin ne, ba na hannunki ba. Khal tsami ne, bekin soda kuwa mai kashe tsami ce, to da zarar sun gamu kowa ya karya ƙarfin ɗan'uwansa. Kumfar nan da ke burge ido iskar kabon dayoksaid ce kawai ke fita, abin da ya rage a robar kusan ruwa ne da ɗan gishiri. Kuma don Allah kada ki zuba su tare a kwalba ki rufe, iskar na iya kumbura ta har ta fashe. Kowanne da aikinsa, kowanne da lokacinsa.

Farin tabon nan mai kama da alli daga ruwan yake. Idan ruwanku mai zartsi ne, akwai sinadarin kalsiyam da magniziyam a cikinsa, ruwan ya bushe ya bar su a bango. Su ne kuma ke haɗuwa da sabulu su zama wannan dauɗar mai danƙo da ke dusashe gilashi. Tsami ne maganinsu. Ga yadda nake yi: farin khal kofi 1, irin wanda aka rubuta kashi 5 cikin 100 a jikin kwalbarsa, in ɗan ɗumama shi yadda yatsa zai iya shiga, in zuba a robar feshi, in ƙara sabulun ruwa na wanke-wanke cokali 2. Wasu na yin rabi da rabi, na gwada, amma ɗaurayar kumfar ta ishe ni, ga santsi a ƙasa mai iya kayar da mutum. Amfanin sabulun shi ne ya riƙe khal ɗin a jikin bango kada ya zurare, ya kuma ɗauke maiƙo.

Sai ki fesa daga sama zuwa ƙasa, ki buɗe taga, ki fita ki bar shi minti 15 zuwa 20. Wannan jiran shi ne rabin aikin, kuma shi ne abin da na fi gani ana tsallakewa. Ranar da na fara haƙurin jira, ina ɗora soso a kan ƙofar gilashin na ji yana tafiya sumul, farin abin na bin ruwa kamar an dama alli. Inda tabon ya yi kauri, kamar gindin famfo, ki jiƙa tsumma da khal ki naɗe wurin da shi.

Bekin soda kuwa sai bayan kin ɗauraye khal ɗin tas. Cokali 3 da ruwa cokali 1, ki kwaɓa ya yi kauri, ki shafa a zoben dauɗar da ke zagaye da kwamin wanka, ki goge da soso mai laushi. Soson ƙarfe kam a'a, musamman idan kwamin na roba ne, zai kankare shi, dauɗa ta samu wurin maƙalewa. Tsakanin tayil da tayil tsohon buroshin haƙori ya wadatar.

Idan kan shawar ya toshe, ruwa na fita a karkace, ki zuba khal a leda ki tsoma kan a ciki ki ɗaure. Minti 30 nake ba shi, ba na wuce haka idan mai ruwan zinare ne ko tagulla, don tsami na iya cin fentinsa.

Akwai wurin da khal ba ya zuwa ko kusa: dutsen mabul da danginsa. Shi kansa mabul kalsiyam ne, tsamin da ke narkar da tabo shi ma zai ci shi. Akwai wata 'yar kanta ta mabul a banɗakina da nake ɗora sabulu, na ajiye robar feshin a kai tana ɗiga, da safe na tarar da zagayen gindinta ya fito fes, wurin ya dushe, kuma har yau bai koma ba. Ya yi mini ciwo ƙwarai. Ruwan lemun tsami ma haka yake yi, in dutse ne ki tsaya ga ruwan ɗumi da sabulu mai sauƙi. Simintin da ke tsakanin tayil ma kada ki riƙa jiƙa shi da khal kullum, sau ɗaya a mako ya isa.

Abin da ya fi damuna a tambayarki shi ne bilic ɗin da kika saba amfani da shi. Idan ya gamu da khal, iskar kulorin ce ke tashi, mai ƙona ido da huhu, ga banɗaki wuri ne matsattse. Kada ki zuba khal a tsohuwar robar bilic, kada ki yi amfani da su rana ɗaya a wuri ɗaya.

Baƙin ɗigo-ɗigon da ke kusurwa kuwa fumfuna ce, danshi ke raya ta. Khal na rage ta sama-sama, amma idan ta shige cikin farar robar da aka liƙe bakin kwamin da ita, gaskiya sai dai a ɓanɓare a sa sabuwa. Ni yanzu duk wanda ya gama wanka a gidana yana share ruwan bango da robar share gilashi, ya bar ƙofa a buɗe. Ba ya cin minti 2, kuma tun da muka soma, feshin khal ɗin ma sai in yi mako biyu ban ɗauko shi ba.